Mu Ba Ma Yar da Tsohuwar Kwamfuta

A layinmu, nan Tudun Wadan Gombe, da an idar da sallar isha'i benci biyu ake jerawa a ƙofar situdiyo, gefen teburin mai shayi. Makon jiya zance ɗaya aka yi ta juyawa: mai situdiyon zai canza kwamfuta. Shekara tara tana yi masa bauta. Yanzu in ya ɗora muryar mawaƙi da ta 'yan amshi uku, ya ƙara kiɗa a kai, sai sauti ya fara tsinkewa kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Fankarta kuma kuka take yi, har makirfo na kwasa.

"Oga, ka sayar da ita kawai ka huta," in ji yaronsa mai haɗa kiɗa.

"Kai yaro ne. Ka san abin da ke cikinta kuwa?"

Duk muka yi dariya, don mun san amsar. Mu nan ba ma yar da kwamfuta. Lallaɓa ta muke yi. Farko a kai ta wurin mai gyara ya buɗe ya hure ƙurar hunturu da ta toshe fanka, wani lokaci ma shi ke nan ciwon. In ba ta ji ba, a ƙara mata RAM daga 4 zuwa 8. In kuɗi ya shigo, a cire tsohon rumbun ajiyarta mai juyawa a sa SSD, sai ka ga wadda take ɗaukar minti biyar kafin ta farka ta tashi kafin ka gama zuba shayi. Sai duk wannan ya ƙare sannan ake fara tambayar wa zai je Kano, ko wa ke da ɗan'uwa a Computer Village ta Ikeja. Sabuwa fil a kwali kuwa ba kowa ke kallon ta ba, 'yar Beljiyam muke nema mai ɗan sauran ƙarfi.

Amma abin da ke hana mai situdiyonmu barci ba ƙarfen ba ne, manhajar ce. Shi ɗan Cubase 5 ne, wadda kamfanin Steinberg na Jamus ya fitar tun 2009. A kanta ya koya, a kanta ya koyar da yara, ko ido rufe ya san inda kowane maɓalli yake. Wadda ke yawo a hannunmu mai 32-bit ce, ba ta iya cin moriyar RAM fiye da kimanin 4, don haka ko ka cika kwamfuta da 16 ba za ta taɓa sauran ba. Kuma tun Cubase 9 da ta fito a 2016 kamfanin ya daina karɓar tsofaffin ƙananan manhajoji masu 32-bit, waɗanda da su muke gyara murya da fitar da sautin sarewa da goge. To ka ga in ya koma sabuwa, ya buɗe waƙar da ya yi shekara shida da suka wuce, zai tarar da murya tsirara, duk kwalliyar da ya yi mata ta ɓace.

Yaran yanzu ba su da wannan fargabar. Su 'yan FL Studio ne, ita ma daga Beljiyam take, kamfanin Image-Line. Da linzami suke jera kiɗa, yayin da manyansu ke buga shi da yatsu a kan fiyanon Yamaha, kamar yadda aka saba tun farkon waƙoƙin finafinan Kano. A wurin nan ne muhawara ta yi zafi. Wani malamin makaranta da ke zama da mu ya ce gaskiyar da kowa ya sani: yawancin manhajojin da ke situdiyoyinmu ba saye aka yi ba, kwafa aka yi daga filas zuwa filas. Ni ina tare da shi. Mutumin da ke jin zafi in aka tura waƙarsa kyauta a shagon caji ya kamata ya ji nauyin cin gumin wani. FL Studio sau ɗaya ake biya, duk sabuntawar da za ta zo bayan nan kyauta ce har abada. Matsalar ita ce da dala ake biya, kuma dalar da take kusan naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Shawarar da aka tsayar a bencin ita ce a sayi guda ɗaya ta halak, a bar tara ashirin ɗin da rabinsu ke kashe aiki ana tsaka da shi.

Wani ya kawo batun Windows 10, cewa Microsoft ya daina kula da ita tun 14 ga Oktoban 2025. Ba a daɗe a kai ba. Kwamfutar situdiyo ba ta hawa intanet, cutarta daga filas da memorin masu karɓar waƙa take shigowa.

Inda aka daɗe shi ne wuta. Har yanzu Nepa muke cewa, ko da yake kamfanin rarraba wuta na Jos ne ke kawo mana. Ba wanda ya manta Afrilun 2024, da aka karya turakun babban layin Jos zuwa Gombe muka shafe makonni cikin duhu, ga fetur ya yi tsada tun cire tallafi a Mayun 2023. Janareta kuma abokin gabar makirfo ne, sai an kai shi bayan gida an ja waya mai tsawo. Shi ya sa rabin majalisa suka ce laftof, don batirinta na ceton aiki in an ɗauke wuta. Sauran suka ce tebur, don ita ake iya buɗewa a ƙara mata kaya. Mai gyaran da ke cikinmu ya raba gardama: "Ranka ya daɗe, kafin ka sayi ko wacce, fara da sola da inbata. Wuta mai rawa ce ta ƙone wa mutane sankad, ba tsufa ba."

Duk wannan surutun, Kawu na zaune shiru da kofinsa. Dattijo ne, ba ruwansa da kiɗa. Sai da aka lafa ya ce, "Ɗana, begen nan da ƙanina ya yi a wurinka kafin Allah ya karɓe shi, yana cikin wadda za a canza ɗin?"

Wurin ya yi tsit. Mai situdiyo ya ce, "Yana nan, Kawu. Ba abin da zai same shi in sha Allahu."

Abin da ke cikinta ke nan. Waƙoƙin biki masu jera sunayen amarya da dangi, begen sha'irai, waƙoƙin coci na mawaƙan da ke zuwa daga Billiri da Kaltungo da harshen Tangale, na Fulfulde, na Tera, tallan makarantu, waƙoƙin siyasa na zaɓe biyu. Da yawa babu kwafinsu ko'ina sai nan. Ni kaina na taɓa rasa muryar mahaifiyata tana yi wa jikanta tawai, da rumbun wani situdiyo ya mutu dare ɗaya, kuma har yau abin na yi mini ciwo.

A daren mai situdiyon ya aiki yaro ya sayo rumbun waje. Ya ce kowace waƙa sai ya fitar da layukanta ɗaya bayan ɗaya a WAV, murya daban, amshi daban, kiɗa daban, yadda kowace manhaja za ta iya buɗewa, aikin da zai ci masa wata guda. Tsohuwar kuma ya riga ya share mata wuri a ƙarƙashin tebur. Da na wuce da asuba zan tafi masallaci, fitilar situdiyon na kunne, ana jin muryar ƙanin Kawu ƙasa-ƙasa ta tagar.