Kayan Ƙamshin da Suka Girmi Autan Gida

Leƙa kicin ɗin kowace uwargida, za ka tarar da gwangwanayen madara a jere, babu madara ko ɗigo a ciki. Wannan kanumfari ne, wancan masoro, na can ƙurya kuwa ba wanda ya san ko mene ne, sai dai a ce maka, "Kai, bar shi, na Hajiya ne."

Na Hajiya shi ne tsarabar Makka. An adana shi don manyan baƙi. Baƙi sun zo sun tafi, kowanne aka auna shi sai a ga bai kai a buɗe masa gwangwanin ba. An yi suna, an yi yaye, yaron har ya shiga firamare. Yanzu garin ya koma kalar ƙasa, ƙamshin kuma tuni ya koma Saudiyya ba biza.

Ƙamshin citta da kimba da kanumfari wani mai ne a jikinsu, iska ke kwashe shi. Muddin ba a daka ba, aka rufe su ruf, suna iya kai shekara 3 da ƙarfinsu. Da an daka, kafin shekara ta zagayo sun fara sanyi. Zafi da rana da laima ne abokan gabarsu. To, a ina muke ajiye su? Daidai saman risho, inda tururin tukunya ke yi musu turare safe da yamma. Sannan a tsoma cokalin miya a robar yaji, in ya cure a ce mai shago ne ya sayar da jabu.

Sai Agusta ta shigo, asiri ya tonu. Maggi ya narke ya manne da takardarsa, gishiri ya yi gumi, barkono ya yi fumfuna. Nan take za a yanke hukunci: "A shanya shi, zai koma sabo." Rana za ta busar da shi, gaskiya ne, amma gubar da wata fumfunar ke bari tana taɓa hanta, kuma ko tafasa ba ta jin tsoro. Wannan kam na bola ne, ko da kuɗin gado aka saye shi.

Kwanan watan da ke jikin ledar kori kuwa, an ce dabarar kamfani ce don a sake saye. Daddawa ta fi kowa sa'a, tunda ba a taɓa samun mai hancin da zai rantse yau ce ta fara wari ba.

Da dare Maigida ya kai loma, ya ɓata rai, ya ce miyar kukar nan salam take.

"Wallahi komai na zuba," in ji uwargida. "Har na Hajiya."