Kafin Ka Zargi Maƙiya, Duba Waya

Ko kai mai shagon tura fina-finai ne a Potiskum, ko ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Tarayya da furojet ɗinsa ke cikin ekstanal (ma'ajin bayanai na waje da ake jonawa da kwamfuta), ranar tana zuwa: ka soka shi, kwamfuta ta yi gum. Malam, fara sauke hannunka. Kada ka girgiza shi a kunne, kada ka bubbuga shi a tebur. Akwai faifai a ciki mai juyawa kusan sau 5,400 a minti, da allura mai shawagi a kansa ba tare da ta taɓa shi ba. Duka ɗaya ya isa ya haɗa su, kuma haɗuwarsu ba alheri.

Maƙiya ma a bar su su huta, a tuhumi wayar da ke jona shi da kwamfuta. Ta kwana a aljihu, an ƙudundune ta, bakinta ya sha ƙurar hunturu. Aro ta maƙwabci, gajera mai kauri, ka gwada. In bai fito ba, sauya rami. Ƙaramin ekstanal daga jikin kwamfuta yake shan wuta: tsohon ramin USB 2.0 miliamfa 500 yake bayarwa, mai shuɗin ciki na 3.0 kuwa 900. A kwamfutar tebur, zagaya ka nemi ramukan baya, ko da sai ka durƙusa da sabuwar shadda. Babban ekstanal kuma caja tasa yake so ta bolt 12. Lallashi ba ya tada shi.

Idan fitilarsa ta kama, kana jin yana juyi, amma babu shi a allo, buɗe Disk Management. Sau da yawa yana nan zaune, harafi kawai ya rasa. Raɗa masa E ko F, ba sai an yanka rago ba.

Amma in Windows ta ce sai ka yi fomat, Allah ya ba ka haƙuri, danna a'a. Za ta sake tambaya cikin ladabi, sake cewa a'a. Kayanka galibi suna nan, tsarin da ke nuna inda suke ne ya rikice, kuma mai gyara da ya san aikinsa yana iya kwaso su muddin ba a rubuta wani abu a kansu ba. Abin da ke min ciwo shi ne yawan aikin shekaru da ke salwanta a wannan dannawa guda, don kawai kwastoma na tsaye a kai yana duba agogo.

Sai fisge waya. Gaskiya ne an ƙera USB don a soka a cire kwamfuta na kunne, kuma tun ƙarshen 2018 Windows 10 ta rage haɗarin. Amma je kasuwar shanu ka tsaya inda ake lodi: direban tirela ba ya jan mota alhali sa yana tsakiyar hawa. Layin kwafi ya cika ba yana nufin an gama ba. Danna Eject, jira saƙo, jira juyin ya tsaya. In Windows ta ce ana amfani da shi, rufe fim ɗin da yaron shago ya bari a buɗe. Ɗaukewar wuta ma fisgewa ce, don haka babban kwafi a laftof mai caji ake yinsa. Faifan cikin kwamfuta kuwa, kashe ta tukuna kafin ka cire shi.

Idan ka ji ƙas-ƙas-ƙas, cire shi nan take. Kada ka sa shi a firji, ko wa ya ba ka shawarar, kuma kada ka kwance shi a shagon da fanka ke watsa ƙura. In Allah ya sa ya farfaɗo ko na minti goma ne, kwafe hotunan bikin mutane da furojet zuwa wani wuri tukuna. Fina-finan Indiya ana samunsu a shago na gaba.