Murfi huɗu, injiniyoyi goma

Honda CD175 ɗin da mahaifinmu ya bari ta shekara ashirin a zaure, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Bara na tura ta gindin dalbejiyar da bakanikenmu yake aiki. An sa fistin, an sa rin, an wasa bawul, masu zaman benci ba wanda ya ce uffan. Sai da aka zo ɗaura murafen tafet, 'yan faya-fayan alminiyam huɗu da ko almajiri zai iya murɗawa, sannan kowa ya tuna shi injiniya ne.

Na farkonsu Sarkin Ƙarfi. A fahimtarsa, baƙin mai yana yoyo ne saboda raini, maganinsa kuwa a nuna masa ƙwanji. Ka ce masa, "Maigida, robar zoben nan ita ke tare mai, da ta zauna a ɗan ƙara kaɗan a bari," ya dube ka kallon tausayi, irin wanda ake yi wa ɗan boko a kasuwar shanu. Sai ya nannaɗe hannun riga, ya ɗauki sufana sha bakwai, ya auna ta a tafinsa, ya ga ta yi masa gajarta, ya aika yaro ya kawo guntun bututu a zura mata. Ya dafa ƙafa a jikin inji, ya ce, "Bari ya ji hannun maza." Yana murɗawa jijiyar wuyansa na tashi, mu kuma hanjinmu na kaɗawa. Can sai ka ji ƙas! Sufana ta saki, tana juyawa lagwai-lagwai kamar muciya a kunu. Ba ya ko ƙiftawa. Zai kwance murfin, ya hura zaren da ya cinye, ya girgiza kai ya ce, "Ƙarfen zamani kenan, ba albarka." Ƙarfen da ya girmi ɗan farinsa, fa. Abin mamaki, ba ka iya fushi da shi, don shi ne kuma zai sayo wa kowa rake.

Mai Gam ba ya yarda da roba sai ya laɓta mata jan gam kamar ana yaɓen rumbu. Wanda ya tsattsafo waje ya share da yatsa. Wanda ya faɗa ciki ya tafi toshe hanyar mai kuwa, sai kamshaf ta fara kuka za a san da shi.

Sai Alhaji Na-Udoji, wanda ya sayi tasa sabuwa dal da ariyas ɗin 1975. Ba ya taɓa sufana, kujera yake ja. Shi da kunne ake saita tafet, wannan siririn ma'aunin na 0.05 kuwa "kayan malalata ne". Tambaye shi ina tasa Hondar take, zance ya koma kan farashin buhun shinkafa a zamanin Gowon.

Akwai Ɗan Waya, mai tura maka wani Bature a YouTube har hanci, data ta ƙare daidai inda Baturen zai faɗi abin da ake nema. Akwai Mai Ƙyalli, wanda zai wuni yana goge murfi da toka har ya ga haƙoransa a ciki, injin kuwa ko tari bai yi ba.

Duk waɗannan na yafe musu. Wanda ban yafe wa ba shi ne Mai Aro. Ya zo da sallama da fara'a, ya ce tasa ta rasa murfi ɗaya, a ba shi nawa ya kai Ƙofar Ruwa a gwada masa irinsa, yanzun nan zai dawo. Bayan kwana tara ya aiko yaro da wani abu mara nauyi kamar murfin kwalba, zarensa ko kama bakin rami ba ya yi, wai ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Tun ƙarshen shekarun 1970 aka daina ƙera wannan mashin, kuma murfin da ya tafi da shi yana ɗauke da tabon filayar mahaifina, na san shi kamar tafin hannuna. Na gan shi daga baya a jikin tasa, a ƙofar masallacin Juma'a, yana walƙiya. Muka gaisa, har ya tambaye ni ya aikin mashin.

Na dai samo wani a wajen 'yan gwangwan. Ranar ɗaurawa na kori kowa, na ce yau ba mai sa mini hannu. Na shafa wa zaren mai, na fara murɗawa da yatsu, na ƙarasa da sufana cikin natsuwa, har ina yi wa yaron shago darasi. Kik biyu ta tashi. Kafin na kai bakin titi mai ya wanke mini ƙafar wando. Na dawo na zazzage wa yaron faɗa, Sarkin Ƙarfi na gefe yana cewa, "Da ka bar ni na ɗaure." Da daddare uwargida tana zazzage aljihuna za ta yi wanki, ta miƙo mini wata 'yar baƙar roba, ta ce, "Malam, wannan zoben fa, na wace ce?"