Ganyen da Ba a Miya da Shi

Kun fara dariya tun ban buɗe baki ba, ina jiyo ku daga Gangara. Wai a Damargu, inda jaki ke jan guga har ya gaji kafin ruwa ya leƙo bakin rijiya, a nan ne wani zai zo da wa'azin shuka ganye cikin ɗaki. Dattawan gindin dogon yaro tambayarsu uku ce, kuma na san su. Ana ci? A'a, Baba. Yana magani? Ko kusa. To akuya fa? Ita kam a yi nesa da ita, don ruwan ganyen na ƙona baki ya kumbura maƙogwaro, na dabba da na yaro mai rarrafe. Shi ya sa ake rataye shi sama.

Potos ake ce masa. Ganye ne mai yaɗo, siffar zuciya, kore da ɗigon ruwan ɗorawa. Asalinsa tsibirin Mo'orea ne, can tsakiyar tekun Fasifik, a ƙasashen da Faransa ke riƙe da su har yau. Ɗan daji ne mai hawan itatuwa cikin inuwa, don haka bai damu da rana ba. Ku da kuke fama da ita wata tara, ga baƙon da bai zo raba ta da ku ba.

Yaran da ke dawowa daga Damagaram da waya a hannu za su ce muku yana wanke iskar ɗaki, wai har NASA ta shaida. Da ƙamshin gaskiya. A 1989 wani masanin NASA ɗin, hukumar sararin samaniyar Amurka, Wolverton, ya kulle tsirrai cikin ƙananan akwatuna da iska ba ta shiga ba ta fita, ya sa musu gubobi irin su benzin, ya ga sun ragu. Potos na cikin waɗanda suka yi abin kai. Sai dai, samari, ɗakin wa kuka taɓa gani a liƙe haka? Namu ko an rufe ƙofa iska na shigowa ta ƙarƙashi, da ƙurarta da kiyashinta. A 2019 masu bincike biyu na jami'ar Drexel suka tattara gwaje-gwajen shekaru, suka lissafa cewa kafin tsirrai su yi aikin da sauyin iska ke yi a gida, sai an jera tsiro 10 zuwa 1000 a kan kowane murabba'in mita. Ɗakin amarya mai mita uku da huɗu ke nan sai tukunya 120, a mafi ƙaranci. Ango sai ya kwana a zaure.

Kada dai dattawa su yi saurin gyara rawani, ba ku kuka ci ba. Abin da ke ɓata iskar gidajenmu kun fi kowa saninsa: hayaƙin kara da kashin shanu a madafa marar taga, garwashin shayi da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa lokacin sanyi, da maganin sauron da ke ci har asuba kusa da kan jariri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya kashe mutum wajen miliyan 3.2 a 2020. Murhun Mai Sauƙi ya daɗe a kasuwannin Nijar, matatar SORAZ kuma tun 2011 take fitar da gas a nan kan hanyar Damagaram zuwa Tanut. Malam, ka fasa wa madafar Inna taga tukuna, sannan ka dawo mu ci gaba da yi wa ganye dariya tare.

To me ya sa nake cewa a shuka shi? Don idan daminarmu ta wata uku ta wuce, aka ɗaure dammunan hatsi, ido ba ya sake ganin kore sai a ledar shayi. Kuma don shi ne tsiron da ya dace da malalaci. Ba a sayen iri. Ka roƙi reshe tsawon taƙi ɗaya, a yanke maka ƙasa da gaɓa, inda ɗan ƙullin saiwa yake, ka tsoma a kwalba. Cikin mako biyu ko uku sai fararen saiwoyi. Ruwan kwalbar a riƙa sauya shi duk mako, in ba kiwon sauro ka shiga ba. Daga nan a mayar da shi gwangwanin madara da aka huda gindinsa, da rairayi da ɗan ruɓaɓɓen taki. Kashi akwai a Damargu, wannan ba sai an aika birni ba.

Batun ruwan da kuke ta kuka a kai, ragowar butar alwala ta ishe shi. Sai ka tura yatsa ka ji ƙasa ta bushe kake ƙarawa, kuma yawanci yawan ban ruwa ke kashe shi. Ganye ya yi ɗorawa ya saki jiki, ka cika hannu. Ya yi ƙuna a gefe, rana ta taɓa shi, matsar da shi daga bakin ƙofa. Wanda ya rantse ba zai yi wa abin da ba a ci hidima ba, ya tsoma dankalin Hausa rabi cikin ruwa kusa da taga. Shi ma yana yaɗo, ganyensa kuma na shiga tukunya.

Wahalar potos ɗaya ce, hunturu. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ba ta tsallake Damargu, za ta kwanta a ganyen har ya koma kalar bango. Sai an bi shi da jiƙaƙƙen tsumma, ganye bayan ganye, ranar Juma'a kafin a tafi masallaci. Maigida, wannan aikinka ne. Uwargida tana da daka.