Hajiya Ta Gano Haguna

Ɗan ƙanwata ne ya jawo mana. Ya dawo hutu daga Amurka da wata doguwar jaka, muna ta murna za a raba tsaraba, sai ga alluna masu mariƙi, da raga, da ƙwallayen roba duk huji. Wai sunan wasan pickleball. Kafin la'asar ya sa an janye motoci daga farfajiyar rukunin gidajenmu da ke Gudu, ya auna ƙafa 44 a tsaye da 20 a kwance, ya shata da alli. Ya ce wasu magidanta uku ne suka ƙirƙiro shi a 1965 a tsibirin Bainbridge na jihar Washington don yaransu sun rasa abin yi, cikinsu har da Joel Pritchard wanda daga baya ya je majalisar dokokin Amurka. Na ce to, wasan da aka yi wa yara ai ba zai gagari mutumin da ya hana ɗalibai sakat a tebur tanis a Zariya ba.

Aka haɗa ni da shi, muka fuskanci wata Hajiya maƙwabciyarmu, tsohuwar malamar makaranta, da jikanta. Da farko duniya ta yi daɗi. Duk ƙwallon da ya biyo ta damana sai in zabga masa allo, ƙarar ta kai bakin get. Ashe Hajiya nazari take yi. Can sai ta gyara gilashinta, daga nan kuwa duk abin da ta buga hagu yake zuwa, a hankali, ƙasa-ƙasa, daidai ƙafata.

A tebur tanis wuyan hannu ke aikin, domin robar da ke jikin allon tana kama ƙwallo ta juya shi. Wannan allon ba roba a jikinsa, kuma babu wanda ya ga ya dace ya sanar da ni. Na karkaɗa wuyan hannu yadda na saba, ƙwallon ya tashi sama ya haye katanga, sai dai muka ji karen maƙwabta ya karɓa.

"Kawu, tsaya," in ji yaron. "Ka riƙe mariƙin kamar guduma, riƙo ɗaya ya ishe ka dama da hagu. Wuyan hannu ya ƙame, kafaɗa ce ke tafiya. Ka durƙusa kaɗan."

Durƙuson nan shi ne inda muka fara samun saɓani, don ni da gwiwoyina mun daɗe da yarjejeniya. Amma ya ci gaba. Ya ce bugun bayan hannu iri-iri ne, kuma tsayin ƙwallon ke zaɓa maka, ba zuciyarka ba. In ya zo ƙasa da raga, ba a dukansa: a ɗan buɗe fuskar allon, a ɗago shi a hankali ya faɗa cikin filin nan na ƙafa 7 da ke gaban ragar abokan karawa, wanda suke kira kicin, inda doka ta hana su tsayawa su tare ƙwallo a iska. Ya fi kyau a aika shi a karkace, saboda tsayin ragar a tsakiya inci 34 ne, a gefe 36, kuma hanyar ta fi tsawo. In ya zo sama da raga, to sannan a ture shi gaba da gajeren bugu. Na saurara da kyau, amma ban ga dalilin da zai sa magidanci kamata ya riƙa lallaɓa ƙwallo a gaban iyalinsa ba.

Sai na ɓullo da tawa dabarar. Tunda hagu ce matsalar, da na ga ƙwallon ya nufo ta sai in zagaya shi da sauri in mai da shi dama. Ya yi aiki, har jikan Hajiya ya tafa mini. Na gaba kuwa ta jira na zagaya, ta ajiye ƙwallon a inda na baro, ko motsi ba ta yi ba. Na koma sauya allon zuwa hannun hagu, abin da doka ba ta hana ba. Allon ya isa hannun hagu bayan ƙwallon ya riga ya wuce.

Da muka je shan ruwa yaron ya nuna mini bidiyon Anna Leigh Waters a waya, yarinyar da ta gagari manya da bugun bayan hannu na hannu biyu. Nan na ga abin da ya dace da matsayina: ƙarfi ne zalla. Abin da bidiyon bai faɗa ba shi ne ita ba ta wasa da kaftani.

Hajiya na da 10, maki ɗaya ya rage ta kai 11. Ƙwallon ya taso ta hagu, sama da raga, irin wanda aka ce a ture kawai. Na kama mariƙin da hannu biyu, na ja baya, na juya da dukkan abin da Allah ya hore mini. Gindin mariƙin ya shige aljihun gefe. Aljihun ya yage har gwiwa, goro da makullin mota suka watse, ni kuma juyin ya kwashe ni na afka cikin kicin na rungumi raga, muka zube tare. Ƙwallon dai ya haye, har ya faɗa cikin fili, wannan kowa ya shaida.

"Na ci!" na ce, ina kwance.

"Kawu, ka buga a iska ka faɗa kicin. Laifi ne. Har ragar ma laifi ce."

Hajiya ta tako a hankali, ta tsinci goro ɗaya ta goge da gefen mayafinta, ta miƙo mini.

"Sannu, Alhaji. Gobe in Allah ya kai mu ni da kai za mu haɗu gefe guda."

Na ji daɗi, na ce ashe dai ta ga hazaƙa.

"A'a," ta ce, "jikan nan nawa ne yake kukan ban bar shi ya taɓa ƙwallo ba."