Masu Buga Katin Biki a Gida

Da an sa ranar aure, sai ka ji wani a gida ya ce, "Wa zai kai kuɗinsa maɗaba'a? Ga kwamfuta, ga firinta." To, daga ranar ake sanin halin kowa.

Akwai Malam Kwalliya. Ya buɗe CorelDraw, ya ga salon rubutu ya fi ɗari, ya rantse ba zai bar ko ɗaya ya yi fushi ba. Sunan ango da salo guda, na amarya da wani mai jela kamar ta ɓera, fure a kowace kusurwa, ga tattabaru biyu riƙe da zobe. Abin da bai sani ba, yawancin rubutun nan mai lanƙwasa bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. Inda ya rubuta "ɗaurin aure", sai ga ɗan akwati ya fito, sannan "aurin aure". Dattawa su yi ta juya kati, suna tambaya ko akwatin lefe aka zana.

Hajiya kuwa ruwan gwal take so, irin wanda ta gani yana ƙyalli a fuskar kwamfuta. An yi mata bayani cewa kwamfuta da haske take haɗa launi, firinta kuma tawada huɗu ce da ita: shuɗiya, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙa, babu gwal a ciki. Ba ta ji ba. Kati ya fito da launin miyar taushe, laifi ya koma kan yaron da ya danna.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Alhaji Tsimi. Sabon kwalin tawada ya yi masa tsada, sai ya nemo sirinji yana ɗura wa tsohon kamar mai yi wa akuya allura. Kwana uku yatsunsa shuɗi, ka ce daga marinar Ƙofar Mata ya fito. Ana tsakiyar aiki jar tawada ta ƙare, amarya ta fito kore shar kamar zogale. Hoton ma ta WhatsApp aka turo, an matse shi, alhali bugu mai kyau yana son ɗigo kusan 300 a kowane inci. Fuskar ango kamar an hango shi cikin hazon hunturu.

Ga mai ƙarfin tsiya, wanda ya cusa kati mai kauri giram 300 a firintar da ta saba cin takarda mai giram 80. Ta shaƙe, ya fizgo, ya sake turawa. Da ya zo buga baya, sai ya fito a kife.

Shi Kawu bai taɓa kwamfuta ba, tsayuwa kawai yake yi a bayanka. "Yaro, ina sunan Baffanku? Ina iyalan marigayi? So kake a ce mun yanke zumunci?" Haka za a yi ta ƙara suna ana rage girman rubutu, har sai ya koma jerin kiyashi.

Sai mai gaggawa. Aka ce masa, "Yaya, buga ɗaya mu gani tukuna." Ya ce wuta ba ta jiran kowa, ya danna 200. Gaskiyarsa ce, an ɗauke ta bayan na ƙarshe ya fito. A hasken tocila ƙanwar amarya ta karanta: Asabar, 14 ga wata. Ta duba kalanda, 14 Juma'a ce. Aka shimfiɗa tabarma, aka raba wa yara biro.