Yadda Za Ka Koyar da Jita a Gaya Ba Tare da Ɗalibai Sun Gudu Ba

Duk wanda ya rataya jita ya ratsa kasuwar Gaya, kafin ya kai gida ya samu ɗalibai uku: ɗan kabu-kabu, yaron mai shayi, da wani ɗan makaranta da ya kalli makaɗin jita Bombino a waya jiya da dare, ya kwana da niyyar kamo shi kafin Sallah. Samun su ba wuya, Malam. Riƙe su har su wuce sati na uku, nan gizo ke saƙa.

Fara da farce. Ɗalibinka zai zo da farcen ƙaramin yatsa wanda ya shekara yana kiwo, yana ji da shi. Ka lallashe shi ya yanke na hannun hagu duka, domin kan yatsa ne ke danne tsirkiya dab da ƙarfen da ke gicciye a wuyan jita, farce kuwa ba ya bari. Na dama ka bar masa ya yi ado, zai yi amfani wajen kaɗawa.

Ranar farko kada ka buɗe masa littafi. Sunayen tsirkiyoyi, Mi, La, Re, Sol, Si, Mi, suna nan, ba inda za su. Ka tambaye shi waƙar da mahaifiyarsa ke rerawa in tana daka, ko wadda aka fi yi a bikin unguwarsu. A Gaya za ka ji amsa da Dendanci, da Zabarmanci, da Hausa, wani lokaci da Fulatanci, kuma akasarin waɗannan waƙoƙi a kan murya biyar suke tafiya. Ka nemo masa su a tsirkiya guda, ka sa ya bi da yatsa ɗaya. Zai yi ta kuskure, akuyar gida za ta tashi ta sauya wurin kwanciya, amma kafin magariba zai ji abin da ya sani tun yana goye yana fitowa daga hannunsa. Wanda ya ji haka, gobe tun kafin ka gama karin kumallo yana ƙofar gidanka. In ya raina tsirkiya ɗaya, ka tuna masa Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya zaga duniya, kuma Ali Farka Ture na Mali da abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya ya fara kafin ya taɓa jita. Haɗa yatsu uku a lokaci guda ya jira wata na biyu.

Sai maganar ciwo. A sati na biyu zai miƙo maka yatsu jajaye ya ce, "Malam, anya wannan abin ba ya cizo?" Kada ka yi dariya, da gaske yana jin zafi, kuma a nan yawancinsu ke ɓacewa. Ka nuna masa kantar da ke naka yatsun, ka ce tasa na hanya. Minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi. Ka kuma duba jitar da ya aro wajen ɗan'uwansa: in tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya har ana iya zura muruci a tsakani, laifin na jita ne, a kai ta gyara. In akwai mai tsirkiyar roba, ita ta fi tausayin sabon hannu.

Gaya ta fi kusan ko'ina a Nijar samun ruwan sama, ga kogi a gefe. Da damina tsirkiya na tsatsa, katako na kumbura. Da hunturu ya bushe har ya tsage. Ka koya masa goge tsirkiya da tsumma bayan wasa, ya daina jingine jita a rana. Saitin murya kuwa, watan farko da hannunka za ka yi. Sabon ɗalibi in ya kama murɗa kunnen jita ba ya tsayawa sai ya ji "tas!", kuma siririyar ce ke tsinkewa, wadda sai an yi saƙo Yamai ko Kwatano. Da aka rufe gadar Malanbil ta kan iyaka a 2023, saƙon Kwatano ma sai ya hau jirgin ruwa. Labarin Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, yana ƙarfafa gwiwa sosai, amma kafin ka ba da shi ka gargaɗi masu kekuna a unguwa.

Wata rana mahaifin ɗalibinka zai yi sallama ya ce, "Malam, maroƙi kake so ka mayar mini da ɗa?" Ka shimfiɗa masa tabarma. Ka ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji, darasi bayan la'asar ne, ana kiran salla muna ajiyewa, kuma ranar da ya ƙi zuwa makaranta ba ya taɓa ta." Ka cika alkawarin. Ka gaya masa a Yamai akwai cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya, inda ake karatun abin da tsari. In ƴa mace ce ke so, ka koyar da ita a gidansu, gaban iyayenta. Fatu Seidi Gali ta Illighadad da jitar ɗan'uwanta ta koya, ta kai ga yin wasa a Turai.

Kuɗin darasi a yanke shi tun farko, a kuma faɗi ko sefa ne ko naira, don ɗan Kamba ta Najeriya zai zo da lissafinsa. Wanda ya kawo kifi ko rake, karɓi.

Kada ka yi darasi a fada, wato majalisar samari. Kowa a can gwani ne, har wanda bai taɓa riƙe jita ba zai gyara masa zama. Sai ya yi wata guda, waƙa ɗaya ta zauna a hannunsa, sannan ka kai shi. Ka bari a sha shayi na biyu, ka miƙa masa jita ya buga. Ana fara tafi ka karɓe abinka ka sa a jaka, domin za su ce a ƙara wata, shi kuwa ba shi da ita tukuna.